WAIWAYE ADON TAFIYA: ZAMAN YAU DA KULLUM NA MATASAN 'YAN MISHAN A BAƘUWAR ƘASA

GABATARWA

Muna yi wa Allah godiya da ya bar mu da rai har muka ga wannan rana da ikilisiyarmu ta cika shekara 50. Kwamitin biki ya roƙe mu mu rubuta ɗan tarihi a cikin wannan littafi, sai muka ga ya kamata mu waiwaya baya, mu duba mutanen da suka kawo bishara ƙasar nan tun kafin a aza tubalin wannan majami'a.

Sau da yawa in ana ba da tarihinsu akan jera sunaye da shekaru kawai, har yaranmu su ɗauka cewa 'yan mishan tsofaffi ne masu furfura waɗanda ba su da aiki sai wa'azi daga safe har dare. Ba haka ba ne. Yawancinsu sun zo ne suna matasa, sa'o'in 'yan Zumuntar Matasanmu na yau, kuma yawancin lokacinsu ya tafi ne wajen neman ruwan sha, da jinyar zazzaɓi, da koyon harshe. A kan wannan zama na yau da kullum muke so mu yi magana, gama a cikinsa ne bishara ta yi saiwa.

SAMARI UKU A IKKO

A ranar 4 ga Disamba, 1893, samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a Ikko: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu, Bingham ma bai cika 21 ba. Nufinsu shi ne su kai bishara ƙasar Sudan, wato sunan da Turawa suke kiran dukan ƙasashen baƙar fata da ke kudu da hamada a wancan zamani, har da Arewacin Nijeriya. Babu wata babbar ƙungiya a bayansu. Mahaifiyar Gowans da 'yan abokai kaɗan ne suke yi masu addu'a, suna aiko da abin da ya samu.

'Yan mishan da suka tarar a Ikko sun gargaɗe su cewa ba za su kai inda suka nufa da rai ba. Ba da daɗewa ba zazzaɓi ya kwantar da Bingham, sai aka bar shi a Ikko domin ya riƙa karɓar wasiƙu yana aika masu da guzuri. Gowans ya yi gaba har ya kai Girku a ƙasar Zazzau, a can ya rasu a watan Nuwamba 1894. Kent ya rasu a Bida a watan Disamba na wannan shekara. Bingham ya koma gida a 1895 ba tare da sun sami ko mutum ɗaya da ya tuba ba. Mu tuna cewa sai a 1897 ne wani likita mai suna Ronald Ross ya tabbatar cewa sauro ne yake yaɗa wannan zazzaɓi. Ashe samarin nan suna fama da abokin gāba ne wanda ba su san fuskarsa ba.

Bingham ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake mai da shi gida. Sai a 1902 ne aka kafa tashar farko ta Sudan Interior Mission, wato SIM, a Patigi cikin ƙasar Nufe. Daga nan aiki ya bazu zuwa Wushishi, da Egbe, da Kwoi, da Karu, da Miango, da Kagoro, har ya ƙetare zuwa Damagaram a ƙasar Nijar a 1924.

YADDA RANA TAKE WUCEWA A TASHAR MISHAN

Saurayi ko budurwa da ya amsa kira a waɗancan shekaru yakan yi makonni a jirgin ruwa daga Ingila zuwa Ikko. Kafin layin dogo ya kai Kano a 1911, sauran tafiyar a kwalekwale ne da ƙafa. 'Yan alaro suna ɗauke da adakoki, kowane kaya wajen laba 60, ana tashi tun asuba domin a yada zango kafin rana ta take.

In ya iso tasha, abin da zai tarar shi ne ɗakin ƙasa da jinka, wani lokaci ma shi zai tsaya a kwaɓa ƙasa a gina. Gara tana cin azara da littattafai, damina kuma ɗaki yana yoyo. Gwamnatin Turawa ta kafa doka cewa gidan Bature ya yi nisan yadi 440 daga gidajen mutanen gari, ta kuma daɗe tana hana 'yan mishan zama a manyan biranen sarakuna. Saboda haka wanda ya bar ƙasarsa domin ya kusaci mutane sai ya sami kansa a bayan gari shi kaɗai.

Da gari ya waye, bayan addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, aikin farko shi ne ruwa. Sai an ɗebo daga rafi ko rijiya, a tafasa, a tace, kafin a sha. Kowace rana sai ya haɗiye kwinin mai ɗacin tsiya, ba ya fita rana sai da babbar malafar nan ta Turawa, ba ya kwana sai cikin gidan sauro. Wanda ya yi sakaci da ɗaya daga cikin waɗannan, zazzaɓi ko atuni zai koya masa hankali. Gari da sukari da madarar gwangwani da ya zo da su in sun ƙare, sai ya koma ga dawa da doya da ƙwan zabi kamar kowa.

Da hantsi marasa lafiya sun riga sun taru a gindin itace: mai gyambo, mai kurkunu, mai ciwon ido, mai ciwon haƙori, yaron da ya faɗa wuta. Da yawa daga cikin matasan nan ba likitoci ba ne, ɗan horo kaɗan aka ba su kafin su taso. Amma wanke gyambo kullum har ya warke ya buɗe ƙofofin da wa'azi bai buɗe ba. Dokta Andrew Stirrett, wanda ya sayar da kantunan maganinsa a Kanada ya zo a 1902, ya zauna har rasuwarsa a 1948, mutane ba su san shi da wani suna ba sai Bature Mai Magani.

Da rana sai a tara yara a rumfa ana koya masu baƙaƙe da waƙa. Da yamma a hau keke ko doki a zaga ƙauyuka, a gaida sarki da dattawa, a zauna a kan tabarma. Wani lokaci a kunna garmaho ko a nuna majigi domin jama'a su taru. Da dare kuma, a gaban fitilar kananzir, sai rubutun wasiƙa. Wasiƙa takan yi wata guda ko fiye kafin ta kai gida, amsa kuma ta yi kamar haka, har mutum yakan sami labarin rasuwar mahaifiyarsa bayan an daɗe da binne ta. Ba a komawa gida hutu sai bayan shekara uku ko huɗu. A SIM babu tsayayyen albashi. Abin da masu bi suka aiko shi ake rabawa, in ya yi kaɗan kowa ya ɗaure.

WAHALAR HARSHE

An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Babu abin da ya ƙasƙantar da matasan nan kamar harshe. Mutumin da ya gama makaranta a ƙasarsu sai ga shi yana nuna abu da yatsa yana tambayar sunansa, yara suna yi masa dariya in ya kasa bambanta gari da gāri, ko kuka na ido da kukar miya. Dokta Walter Miller na CMS da abokansa sai da suka je Tarabulus suka zauna cikin Hausawan can domin koyon Hausa kafin su shigo Arewa a 1900. Daga baya SIM ta buɗe makarantar koyon Hausa a Minna, ana jarrabawa, wanda bai ci ba kuma ba a sake masa aiki. Bayan Hausa, da yawa sai sun sake koyon harshen mutanen da aka tura su wurinsu, wanda ba a taɓa rubuta shi ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda iyayenmu suka yi karatu da shi, amfanin irin wannan zama ne na shekara da shekaru tare da malamai 'yan ƙasa, ana tauna kalma ɗaya ɗaya.

MATA MA SUN ZO

Kada Zumuntar Mata su ce mun manta da su. Johanna Veenstra 'yar Amurka ce, an haife ta a 1894, ta yi aikin akawu kafin ta sami kira. Ta iso Nijeriya a 1920 ƙarƙashin Sudan United Mission tana da shekara 25, ba ta da aure. Bayan ta koyi Hausa aka tura ta Lupwe kusa da Takum, inda ta riƙe makarantar kwana da ɗakin shan magani, tana karɓar haihuwa, tana zaga ƙauyukan Kuteb a kan keke da ƙafa. Ta rasu a asibitin Vom a 1933 bayan an yi mata aiki, ba ta cika shekara 39 ba. A Vom aka binne ta.

Masu aure kuma suna da nasu gicciye. Yaro yana kai shekara shida sai a kai shi makarantar kwana, kamar Kent Academy da aka buɗe a Miango a tsakiyar shekarun 1940, iyaye su koma tasha da ɗaki wayam. Mun taɓa tsayawa a maƙabartar 'yan mishan da ke Miango muna karanta duwatsun kaburbura. Abin da ya fi taɓa zuciyarmu shi ne ƙananan kaburbura na jarirai da yara.

BA MALA'IKU BA NE, BA SU KAƊAI BA NE

Gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗe ta. 'Yan mishan mutane ne. Akwai masu saurin fushi, akwai waɗanda suka raina al'adunmu ba tare da sun fahimce su ba, akwai waɗanda mai bishara baƙar fata ba ya wuce bakin ƙofarsu. Dattawanmu sun ba mu labarin wannan, sun kuma ba mu labarin waɗanda suka ci tuwo da hannu a akushi ɗaya da su.

Har wa yau, da ɗan gari akan ci gari. Babu ɗan mishan da ya yi kwana ɗaya ba tare da kuku, da mai ɗebo ruwa, da tafinta, da 'yan alaro ba. Su ne suka koya masa gaisuwa, suka nuna masa hanya, suka yi jinyarsa, wani lokaci su ne suka haƙa kabarinsa. Da yawa daga cikin masu bi na farko daga cikinsu suka fito, su ne kuma suka kai bishara ƙauyukan da Bature bai taɓa takawa ba. Sunayen yawancinsu ba su shiga littafi ba, amma Ubangiji ya san su.

YANZU NAMU NE SUKE CAN

A 1948 aka kafa ƙungiyar 'yan mishan ta 'yan ƙasa wadda muka sani yau da EMS, tun kafin a kafa ECWA a 1954. A zamanin da Rabaran Panya Baba ya shugabance ta, daga 1970 zuwa 1988, aikin ya faɗaɗa ƙwarai. An aiki 'ya'yanmu zuwa Nijar, da Cadi, da Benin, da Gana, da wasu ƙasashe.

Saurayin da ya gama Makarantar Littafi Mai Tsarki aka tura shi da amaryarsa ƙetaren iyaka, zamansa bai bambanta sosai da na waɗanda muka ambata ba. Ko da ya tarar da masu jin Hausa, ofis da asibiti da makarantar yara sai da Faransanci. Ɗan abin da aka aika masa da naira, in ya canja shi zuwa sefa sai ya ga ya narke. Matarsa tana bin layin rijiya da matan da ba ta jin harshensu, shi kuma yana noma ɗan fili domin su ci. Yakan yi shekara yana sujada da iyalinsa kaɗai ran Lahadi. A watan Janairu 2015 an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, a 2019 da 2023 kuma an rufe iyakar Nijeriya da Nijar, zuwa gida da aika saƙo suka yi wuya. Yau akwai waya, amma waya ba ta da amfani in babu wanda ya tuna ya kira.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, mun ɗinka ankon jubili, mun yi wa majami'a fenti, za mu ci mu sha, kuma duk wannan daidai ne. Amma Manzo Bulus a Romawa sura 10 ya tuna mana cewa jin bishara yana rataye ne a kan masu aikawa. Gowans yana da mahaifiya mai addu'a, yana da Bingham a Ikko mai aika guzuri. Wa ke tsaye haka domin namu 'yan mishan?

Muna roƙon dattawa su tabbatar baikon mishan yana tafiya kowane wata ba jinkiri. Muna roƙon Zumuntar Mata su ɗauki iyalin ɗan mishan ɗaya, su san sunayen 'ya'yansa da kuɗin makarantarsu. Muna roƙon matasa su riƙa kira da rubutu, su kai ziyara lokacin hutu. Iyaye kuma, in ɗanku ko 'yarku ta zo ta ce Ubangiji yana kiranta, kada ku ce ta bari sai ta tara abin duniya tukuna. Waɗanda suka kawo mana bishara ba su jira haka ba.

Allah ya ba mu alheri, domin in ya jinkirta zuwansa har aka yi bikin shekara 100, a sami sunayen 'ya'yan wannan ikilisiya cikin waɗanda aka aika. Ubangiji ya albarkace ku duka. Amin.