Mishan, Boko, Kuɗi: Wane Suna Ya Dace Da Ita?

In ka tashi daga Achilafiya ka ratsa Kazaure ka nufi Roni, za ka isa garin da ƙungiyar SIM ta taɓa buɗe makarantar kwana ta yara maza a zamanin Turawa. Wannan ƙungiya ta fara shigowa Nijeriya a 1893, kuma daga cikinta ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Bahaushe bai wahalar da kansa da waɗannan harufa ba. Ya kira irin wannan wuri makarantar mishan, kamar yadda ya ce asibitin mishan da ɗan mishan. Kalmar aro ce daga Turanci, asalinta aike. Su kuwa waɗanda aka aiko sun fi son a ce da su masu bishara, kuma bishara Larabci ce, uwarsu ɗaya da albishir ɗin da muke tukuici da goro.

Suna na biyu shi ne boko. An daɗe ana cewa daga kalmar Turanci ta littafi aka samo shi, har masanin harshe Paul Newman ya yi rubutu a 2013 ya nuna kalmar tamu ce tun asali, ma'anarta abin da ba na gaske ba. Shaida tana bakinmu: amaryar boko, wadda ake fitarwa a madadin amaryar gaskiya, da kuma biri-boko. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma ya kawo wannan ma'ana, shi Bargery kuwa da aikin mishan ya fara zuwa ƙasar nan. Ke nan iyayen da suka ga makarantar Ɗan Hausa a Nasarawar Kano a 1909, da ta Likita Mila a Zariya, hukunci suka yanke da suka ce boko: wannan ba shi ne karatu ba.

A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe yawancin makarantun mishan. Da masu zaman kansu suka dawo fagen, sai aka raɗa sabon suna. A takarda makaranta mai zaman kanta ce, a bakin uban yara kuwa makarantar kuɗi. Sunan farko ya dubi mai makarantar, na biyu ya dubi karatun, na uku ya dubi aljihu.

To, a Amurka akwai wata irin makarantar kuɗi ta Kirista da ke kiran karatunta kilasikal. Tushenta wata lacca ce da marubuciyar Ingila Dorothy Sayers ta gabatar a 1947, aka kuma gina makarantar Logos a jihar Idaho a 1981 bisa wannan ra'ayi. Ana koyar da Latin, ana karanta littattafan magabata, ana yawan hadda. Ginshiƙin tsarin shi ne abin da Latin ke kira trivium, wato mahaɗar hanya uku: ƙa'idar harshe, ƙa'idar tunani, da gwanintar magana. Yaya za a faɗi kilasikal da Hausa? In ka ce karatun gargajiya, mai saurare zai zaci tatsuniya da kirari. In ka ce karatun da, zai ɗauka abin da ya shuɗe kake nufi.

Amma ɗauki hanyoyin nan uku ka kai su zauren kowane malamin littattafai a Kazaure ko Ɓaɓura, nan take zai ba ka sunayensu: nahawu, manɗiƙi, balaga. Nahawu a Ajurumiyya da Alfiyyar Ibn Malik ake shan sa. Manɗiƙi yana cikin Sullam, balaga tana cikin Jauharul Maknun, duka biyun na Shehu Abdurrahman al-Akhdari ne, mutumin Aljeriya na ƙarni na 16, wanda ake jingina masa Ahalarin da yara ke fara fiƙihu da shi. Shi manɗiƙin ma daga Girka ya taso, wurin Aristotle, ya shiga Larabci a Bagadaza, kuma cikin manyan masu fassarar akwai Kiristoci irin su Hunain ibn Ishaƙ, wanda ya rasu a 873. Ruwan rijiya ɗaya ne, guga ce kowa da tasa.

Ba yau aka fara irin wannan haɗuwa ba. Da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, masu fassara ba su sami kalmar da ta fi almajirai dacewa da mabiyan Yesu goma sha biyu ba. Har gobe haka ake karantawa a majami'un Wusasa da Kano.

Saboda haka wanda zai fassara wa Bahaushe wannan tsari ba ya bukatar ƙirƙiro suna. Mishan zai gaya maka mai ita, kuɗi zai gaya maka sharaɗin shiga, boko kuwa bai dace da karatun hadda da littattafan magabata ba. Sunan da ya fi kusa shi ne wanda muke kiran zauren malam da shi tun kafin Turawa su zo: makarantar ilimi.