Diyyar inshora da gyaran babur bayan hatsari a Najeriya

Diyyar inshorar babur ita ce kuɗin da kamfanin inshora ke biya, ko gyaran da yake ɗaukar nauyinsa, bayan babur ya yi hatsari, bisa yarjejeniyar da ke tsakaninsa da mai babur ɗin. A Najeriya doka ta wajabta wa duk abin hawa mai inji da ke bin titi, har da babur da keken adaidaita sahu, ya kasance da aƙalla inshorar ɓangare na uku. Wannan inshora ɓarnar da mai babur ya yi wa wani take biya, ba ta gyara babur ɗin wanda ya yanke ta. Don haka abin da mutum zai samu bayan hatsari ya dogara ne da irin inshorar da yake da ita, da ingancin takardarta, da kuma hujjojin da ya tattara kafin a taɓa babur ɗin.

Kalmomi

Kalmar inshora aro ce daga Ingilishi, diyya kuma daga Larabci. A fiƙihu diyya fansar rai ce ko ta rauni, amma a Hausar yau ma'anarta ta faɗaɗa zuwa duk wani biyan asara. Ana ce wa abin hawan babur ko mashin. Sana'ar ɗaukar fasinja da shi kuwa acaɓa ce a yawancin arewacin Najeriya, kabu-kabu a Nijar da wasu yankunan iyaka, okada a kudancin Najeriya. Ɓangare na farko a yarjejeniyar shi ne mai babur, na biyu kamfanin inshora, na uku kuwa duk wanda hatsarin ya shafa alhali ba ya cikin yarjejeniyar, kamar mai tafiya a ƙasa ko mai motar da aka buga.

Tarihi da doka

Wajabcin inshorar ababen hawa a Najeriya ya samo asali ne daga dokar 1945, tun zamanin mulkin mallaka. A 1997 aka kafa Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, wadda ke ba kamfanoni lasisi da sa ido a kansu. Dokar Inshora ta 2003 ta sake jaddada wajabcin a sashe na 68, tare da hukuncin tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ko duka biyun. A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta maye gurbin dokokin 1945 da 2003 da wasunsu.

Daga 1 ga Janairu 2023 NAICOM ta ƙayyade kuɗin inshorar ɓangare na uku a shekara kamar haka: babur naira 3,000, iyakar diyyar dukiya naira miliyan 1, adaidaita sahu naira 5,000, iyakar diyya naira miliyan 2, motar gida naira 15,000, iyakar diyya naira miliyan 3. Rundunar 'yan sanda ta fara tsaurara binciken wannan takarda a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairu 2025.

Ire-iren inshora

Iri na farko shi ne inshorar ɓangare na uku. Tana biyan kuɗin magani ko diyyar rai idan mai babur ya ji wa wani rauni, da kuma gyaran dukiyar da ya lalata har zuwa iyakar da aka ƙayyade. Idan ɓarnar ta wuce naira miliyan 1, kamar yadda kan faru in aka bugi mota mai tsada, ragowar tana wuyan mai babur.

Iri na biyu ya haɗa na farko da kariya daga gobara da sata.

Iri na uku shi ne cikakkiyar inshora, wadda ita ce ke gyara babur ɗin mai ita ko da shi ne da laifi. Bisa ƙa'idar NAICOM, kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawan. Alal misali, babur da aka ƙiyasta a naira 900,000 zai biya aƙalla naira 45,000 a shekara. An fi samun irin wannan a baburan kamfanonin kai saƙo da waɗanda aka saya da bashin banki.

Akwai kuma tsarin Katin Ruwan Ƙasa na ECOWAS, wanda aka kafa a 1982, domin biyan ɓarnar da abin hawa ya yi a wata ƙasa da ke cikin tsarin.

Matakan farko bayan hatsari

Ceton rai shi ne kan gaba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar gaggawa ta 122, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar kulawar gaggawa. Ana adana takardun asibiti da rasidan magani, domin da su ake lissafin diyyar rauni.

Bayan haka sai hujjoji. Akan ɗauki hoton wurin da waya kafin a janye ababen hawan, a nuna lambobinsu da inda kowanne ya lalace. Akan karɓi suna da lambar wayar ɗaya ɓangaren, da sunan kamfanin inshorarsa, da na shaidun gani da ido. Ana kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, inda sashen kula da zirga-zirga ke zana taswirar hatsarin, wani lokaci kuma jami'an VIO su duba lafiyar ababen hawan. Rahoton 'yan sanda na da muhimmanci sosai idan an yi rauni ko asarar rai ko sata.

Yawancin yarjejeniyoyi sun hana mai inshora amsa laifi ko yin alkawarin biya ba tare da sanin kamfani ba, saboda kamfanin ne zai biya, don haka shi ke da haƙƙin tattaunawa.

Neman diyya

Ana sanar da kamfani da wuri, kai tsaye ko ta hannun dillalin da aka yanki inshorar a wurinsa. Kowace yarjejeniya tana da wa'adin sanarwa, kuma jinkiri na iya zama hujjar ƙin biya. Kamfani kan ba da fom a cike, ya nemi takardar inshora, da lasisin tuƙi na rukunin A wanda shi ne na babur, da takardun mallaka da rajista, da hotuna, da rahoton 'yan sanda, da ƙiyasin kuɗin gyara daga bakanike.

Idan wani ne ya bugi babur ɗin, mai babur shi ne ɓangare na uku, don haka kamfanin wanda ya buge shi ne zai biya. Akan rubuta takardar neman diyya ga mai motar, shi kuma ya miƙa ta ga kamfaninsa. Idan mai babur yana da cikakkiyar inshora, kamfaninsa na iya biyan sa, daga baya ya bi kuɗinsa a wurin mai laifin ko kamfaninsa.

In an daidaita kan adadi, mai neman diyya yana sa hannu a takardar sallama, wadda ke nuna ya amince da kuɗin a matsayin cikakken biya. Kafin sabuwar dokar 2025, sashe na 70 na dokar 2003 ya ba kamfani kwana 90 daga fitar da wannan takarda ya biya, in kuma bai amince da buƙatar ba, ya bayyana dalilinsa a rubuce. Bayan sa hannu da wuya a sake buɗe maganar, shi ya sa ake son likita ya gama tantance rauni tukuna.

Ƙiyasi da gyara

Kamfani kan turo injiniyansa ko mai ƙiyasta asara ya duba babur ɗin, ya kwatanta abin da ya gani da lissafin bakanike. Gyara kafin wannan dubawa yana ɓatar da hujja. Wannan ƙa'ida tana da nauyi a kan ɗan acaɓa, wanda kowace ranar da babur ya kwana a gareji asarar abinci ce, kuma sau da yawa akwai balas ɗin mai babur a kansa.

Ɓarnar da ke bayyane ita ce ta fitila, madubi, tanki, robobin jiki, salansa da hannun birki. Wadda ta fi hatsari kuwa ita ce ta ɓoye: lanƙwashewar ƙafafun gaba, karkacewar wili, tsagewa a wuyan babur, ko gocewar ƙashin jikinsa. Alamunta su ne babur ya riƙa ja gefe ɗaya, kai ya riƙa rawa in an yi gudu, ko taya ta riƙa cinyewa ta ɓangare guda. Ƙarfen da aka gasa aka miƙe, ko aka yi wa walda, ba ya komawa ƙarfinsa na asali. Idan an gano sabuwar ɓarna bayan an kwance babur, ana sanar da kamfani kafin a ci gaba da aiki.

Ginshiƙin inshora shi ne a mayar da mutum matsayin da yake kafin asara, ba ya ci riba ba. Saboda haka akan cire wani abu idan an sa sabuwar taya ko batir a madadin tsoho. Akan kuma cire kason da yarjejeniya ta ce mai babur ne zai ɗauka a kowace asara. Saɓani kan taso a kan ingancin kayan gyara, domin kasuwa na da na asali da na kwaikwayo ga babura irin su Bajaj Boxer, TVS, Jincheng da Haojue, kuma farashinsu ya bambanta sosai. Garin Nnewi a jihar Anambra na daga cikin manyan cibiyoyin cinikin waɗannan kaya.

Idan kuɗin gyara ya kusa darajar babur ɗin, kamfani kan ɗauke shi a matsayin wanda ya lalace gaba ɗaya. Sai ya biya darajarsa ta kasuwa a ranar hatsarin, ba farashin sabo ba, kuma ba fiye da adadin da aka rubuta a yarjejeniya ba, sannan ya karɓi abin da ya rage na babur ɗin. A lokacin hauhawar farashi wannan kan bar giɓi babba ga wanda bai sabunta darajar babur ɗinsa ba.

Dalilan ƙin biya

Babban dalili shi ne takardar bogi, wadda 'yan kamasho ke sayarwa a bakin ofisoshin rajistar ababen hawa. Don magance haka Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Najeriya ta samar da rumbun bayanai na NIID, inda ake tantance inshora da lambar abin hawa ta intanet ko ta danna *565*11# a waya. Sauran dalilan sun haɗa da ƙarewar wa'adin inshora, rashin biyan kuɗinta, tuƙi ba lasisi, tuƙi cikin maye, ƙarya a bayani, da yin haya da babur ɗin da aka yi wa inshorar amfanin gida. Wanda bai gamsu ba yana iya kai ƙorafi NAICOM ko ya shigar da ƙara kotu.

Sasanci da takaful

A garuruwan arewa ƙananan haɗurra da yawa ba sa kaiwa ga kamfanin inshora. Akan sasanta a bakin titi ko a gaban shugabannin ƙungiyar 'yan acaɓa ko mai unguwa, mai laifi ya kai babur gareji, ko kuma a yafe. Hanyar tana da sauri, amma ba ta da kariya idan rauni ya tsananta daga baya ko ɓoyayyar ɓarna ta bayyana, musamman in ba a rubuta yarjejeniyar a gaban shaidu ba.

Wasu Musulmi na guje wa inshorar gargajiya saboda riba da rashin tabbas da ke cikinta. A 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, tsarin da mahalarta ke zuba gudummawa a asusu guda don taimakon wanda ya yi asara, a kuma raba rarar da ta saura. Kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful na aiki a wannan tsari, kuma matakan neman diyya a wurinsu kusan iri ɗaya ne da na sauran kamfanoni.