Zaɓaɓɓe Ko Naɗaɗɗe? Shaida Daga Shaihunan Gallabat

Turanci yana da sifar nan "designate", wadda ake liƙa wa mutumin da hukuma ta ayyana don wani muƙami tun kafin ya kama aiki. Gidajen rediyonmu sukan mayar da ita "mai jiran gado", wani lokaci "zaɓaɓɓe", wani lokaci "naɗaɗɗe", kamar duk tafiyarsu ɗaya. Hujjar wannan maƙala ita ce kowace daga cikinsu tana nuni ga hannun da ya ba da mulki, kuma cakuɗa su yakan ɓoye wa mai sauraro asalin rikici.

Gallabat, garin kan iyaka da ke jihar Gadarif a Sudan, daura da Matamma ta Habasha, ta ba da misali mai kyau. A ƙarni na 19 garin yana hannun Takari, wato mahajjata daga yamma, mutanen Darfur da Wadai da Barno da ƙasar Hausa, waɗanda suka yada zango a hanyar Makka har zango ya zama gida. Shaihinsu daga cikinsu yake fitowa, amma kasuwar da yake riƙe da ita, ta auduga da kofi da zuma da bayi, ta fi ƙarfin a bar masa shi kaɗai. Saboda haka yakan kai haraji gida biyu, ga gwamnatin Turkawan Masar a Khartum da kuma ga sarkin Habasha.

Likitan nan Henry Blanc, wanda ya sauka garin a 1865 tare da Hormuzd Rassam a hanyarsu ta zuwa wurin Sarki Tewodros na Habasha, ya ba da labarin Shaihu Juma'a da bikin sabunta zaɓensa: mazajen ƙauyuka sun yi ta kwararowa da masu da sanduna, wasu a kan dawaki, mafi yawa a ƙasa, don jaddada masa mubaya'a. A gaban wannan taro Juma'a zaɓaɓɓe ne. A idon Khartum kuwa wakili ne da aka amince ya tara kuɗi, a idon Tewodros kuma bara ne mai kawo gaisuwa. Mutum ɗaya, matsayi uku, kuma da ɗaya ya zame sauran ba za su riƙe shi ba. An ga haka zamanin Mahadiyya, lokacin da Shaihu Saleh Shanga ya ƙi bin Ansar, mabiyan Mahadi, garin ya suɓuce masa.

Hausa ba ta rasa kalmomin rarrabewa ba. Masu zaɓen sarki su ke zaɓe, rawani shi ne naɗi, sandar girma kuma tabbatarwar gwamnati ce. Wanda ya tuna Sakkwato a Nuwamba 1988 ya san nauyin bambancin: labari ya bazu cewa Muhammadu Maccido aka zaɓa Sarkin Musulmi, sai gwamnatin soja ta sanar da Ibrahim Dasuki, aka yi tarzoma har da asarar rayuka. Maccido bai hau gadon ba sai 1996.

"Mai jiran gado" ita ta fi ɓatar da mutane, domin tana ɗauke da ƙamshin gidan sarauta, inda Yarima ko Ciroma ke zaman jira. Kamil Idris, wanda Janar Burhan ya ayyana firaministan Sudan a Mayu 2025, bai gaji kowa ba, kuma ba a kaɗa masa ƙuri'a ba. Kiransa zaɓaɓɓe ba shi abin da bai samu ba ne. "Wanda aka ayyana" ta wadatar har ranar rantsuwa, daga nan ya zama naɗaɗɗe.

Ya kamata editocin sassan Hausa da malaman fassara a jami'o'inmu su tsayar da wannan ƙa'ida a rubuce, ta yadda duk labarin muƙami zai faɗi wanda ya zaɓa, da wanda ya naɗa, da ranar kama aiki.