Yadda Mai Keke Ya Samu Kasonsa a Gaban Danja

Duk inda hanyoyi biyu suka gitta juna, fili ɗaya ne jama'a da yawa ke nema a lokaci guda. Tun da filin ba ya rabuwa, sai aka koma ga raba lokaci: wannan ɓangare ya samu daƙiƙa talatin, wancan ya samu ashirin, kamar yadda manoman rani ke karɓa-karɓa da ruwan kwata ɗaya. Aikin danja ke nan. Mutane kan ɗauka cewa na'ura ba ta da son kai, amma ai wani ne ya zauna ya ƙayyade mata wa za ta tsayar, wa za ta sallama, kuma har tsawon yaushe. Tarihin fitilar ba da hannu ya nuna cewa an shafe shekaru da dama ana wannan rabo ba tare da mai keke yana cikin lissafi ba. Saboda haka fifikon da wasu biranen Turai ke ba shi yau a mararraba gyaran tsohon rashin adalci ne, kuma hanya ce ta tsare rai.

An kafa fitilar farko a Landan a watan Disamba na 1868, kusa da majalisar dokoki, bisa shawarar wani injiniyan jirgin ƙasa, John Peake Knight. Da iskar gas take aiki, ɗan sanda ke juya ta da hannu, kuma ba ta daɗe ba ta fashe ta ji wa ɗan sandan rauni, aka yi watsi da ita. Ba a waiwayi dabarar da gaske ba sai da mota ta cika titi: Cleveland ta Amurka ta kafa mai lantarki a 1914, sannan a 1920 wani ɗan sandan Detroit, William Potts, ya fito da mai launi uku. Wannan tazara ta kusan shekara hamsin hujja ce babba. A tsakaninta kekuna sun yi yawa a biranen Turai da Amurka, suna cuɗanya da dawaki da masu tafiya a ƙasa, amma ba wanda ya ga larurar fitila dominsu. Gudun mota da nauyinta ne suka sa kallon-kallo da ɗaga hannu suka daina wadatarwa, don haka tun daga tushe da awon mota aka ɗinka danjar zamani.

Ilimin da ya biyo baya ya ƙara tabbatar da hakan. A 1958 wani mai bincike a Ingila, F. V. Webster, ya fitar da lissafin da injiniyoyi suka daɗe suna saita fitilu da shi, burinsa kuwa rage jiran ababen hawa. Ma'aunin da ake ƙirga zirga-zirga da shi ƙaramar mota ce, keke kuma ɗan gutsuren mota ake lissafa shi, alhali sau da yawa mutum ɗaya ne a kan keken, mutum ɗaya ne a cikin motar. Wayar da ake binnewa a ƙarƙashin kwalta don ta sanar da fitila cewa wani na jira, ƙarfe take ji, kuma ta kan kasa jin keke, sai mai shi ya tsaya a gaban ja har mota ta zo ta cece shi. Ɗan lokacin da ake bari tsakanin mutuwar kore a nan da kunnuwarsa a can an auna shi da gudun mota, don haka wanda ya shiga faffaɗar mararraba a kan keke a ƙarshen kore yana tsakiyarta za a saki motocin gefe. Mafi muni shi ne babbar mota mai shirin karya kwana: kore ɗaya ke sallamar ta tare da mai keken da ke gefenta yana son miƙewa, a daidai wurin da madubin direba ba ya nunawa.

A ƙasar Holan aka fara ƙalubalantar wannan tsari da ƙarfi, kuma makoki ne ya jawo. A 1971 fiye da mutum 3,000 suka mutu a titunan ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara. Wani ɗan jarida, Vic Langenhoff, wanda shi ma ya rasa 'yarsa a hatsarin mota, ya yi rubutun da ya haifar da gangamin iyaye na neman a daina kashe yara a titi. Sai ga takunkumin man fetur na 1973, gwamnatin Joop den Uyl ta hana tuƙa mota a ranakun Lahadi na wasu makonni, jama'a suka ga garuruwansu ba ƙarar inji. A 1975 aka kafa ƙungiyar masu kekuna ta ƙasa, biranen Tilburg da Hague suka gwada keɓaɓɓun hanyoyin keke, Delft ta bi da tsarin da ya game gari. Nan aka ci karo da gaskiyar da ba ta kaucuwa: ana iya raba keke da mota da dakali a miƙaƙƙen titi, amma da an iso mararraba dakalin ya ƙare. Abin da ya rage a raba su da shi shi ne lokaci.

Daga nan dabaru suka yi ta fitowa. Aka ba keke fitilarsa ta kansa, 'yar ƙarama mai hoton keke, a daidai tsayin idon mahayi, da maɓallin da zai danna ba tare da ya sauka ba, wasu ma da zoben fararen ɗigo masu mutuwa ɗaya bayan ɗaya don ya san saura nawa. A Groningen akwai mararrabun da ake tsayar da dukkan motoci a saki kekuna daga kowace kusurwa lokaci guda, har mai son tsallakawa a karkace ya wuce a tashi ɗaya. Oxford ta Ingila ta fara ja wa motoci layin tsayawa baya a 1986, don masu keke su tsaya a gaba inda direba ke ganin su. Kopenhagen ta Denmak ta jera fitilun titin Nørrebrogade a kan gudun kilomita 20 a awa, ta yadda mai keke zai yi ta samun kore yana shiga gari da safe, da yamma kuma a juya masa tsarin. Rotterdam da Groningen na Holan sun gwada na'urar jin ruwan sama da ke rage wa masu keke jira idan ana tsuga ruwa, tun da na cikin mota yana da rufi.

Ƙorafi na farko kan wannan fifiko shi ne duk daƙiƙar da aka ba keke daga hannun direba aka ƙwace ta, cunkoso kuma zai ƙaru. Gaskiya ne direba na asarar wani abu, ba dalilin ɓoye wannan. Sai dai layi mai faɗin mota ɗaya yana fitar da mutane a kan kekuna fiye da yadda yake fitar da su a cikin motoci a kore ɗaya, kuma duk wanda sauƙin hanya ya sa ya ajiye motarsa ya hau keke ya rage wa direban layi. Sannan tsayawar ba nauyinta ɗaya ba: direba totur yake takawa ya tashi, mai keke kuwa da cinyarsa yake biyan kowane birki. Ƙorafi na biyu shi ne masu keke suna keta ja, don me za a saka musu da fifiko? Keta doka laifi ne ko wa ya yi. Amma fitilar da ba ta jin zuwan mutum, ko take tsayar da shi a inda ba abin da zai gitta, ita ke koya masa raina ta. Jihar Idaho ta Amurka ta sassauta wa masu keke dokar tsayawa tun 1982, Faransa kuma ta ba su izinin karyawa dama a kan ja a wuraren da aka kafa alama, da sharaɗin su bar masu tafiya a ƙasa su wuce.

Ƙorafi na uku ya fi nauyi: wai Holan da Denmak ƙasashe ne shimfiɗaɗɗu masu ɗimbin kekuna, fitilar ce ta bi yawan jama'a, ba ita ta kawo su ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma raguwar mace-macen titi a Holan zuwa ƙasa da rubu'in adadin 1971 ba aikin danja kaɗai ba ne, akwai bel ɗin kujera da dokar hana tuƙi cikin maye da rage gudu. Amma hawan keke a Amstadam ya faɗi warwas tsakanin 1950 da 1970 duk da ƙasar tana nan a shimfiɗe, bai kuma farfaɗo ba sai da aka canza tsarin titi. Uwa ba ta sakin ɗanta ya tafi makaranta a kan keke saboda kyawun hanya muddin akwai mararraba ɗaya mai ban tsoro a tsakani. A 2016 Amstadam ta kashe fitilun mararrabar Alexanderplein ɗungurungum, inda kekuna suka rinjayi motoci, zirga-zirga kuma ta ci gaba lafiya. Wannan ya nuna cewa buƙatar danja tana tafiya ne da yawan motoci da gudunsu. Inda kuwa dole danja ta kasance, wajibi ne mai saita ta ya ƙirga mutanen da ke wucewa maimakon injuna, ya kuma fara sallamar wanda kuskuren daƙiƙa biyu zai iya raba shi da ransa.