Rumbunan Makamai da Aka Yi Watsi da Su: Daga Ikeja Zuwa Arewacin Zamfara

Rumbun makamai wuri ne da sojoji ke ajiye harsasai da bama-bamai da rokoki. Muddin ana kula da shi, hatsarinsa kaɗan ne. Amma da zarar an yi sakaci da shi, ko yaƙi ya sa masu gadinsa sun gudu, yakan zama bala'i ta fuska biyu: ko dai ya tashi da kansa, ko kuma a kwashe abin da ke ciki.

Najeriya ta ɗanɗana duka biyun.

Me ke sa tsohon makami ya fashe?

Albarushin da ke cikin harsashi yakan lalace sannu a hankali. Masana'antu kan haɗa shi da wani sinadari da ke hana shi ruɓewa, amma sinadarin yakan ƙare da tafiyar shekaru, kuma zafi yana gaggauta ƙarewarsa. Idan ya ƙare, albarushin na iya kamawa da wuta ba tare da an taɓa shi ba.

Wannan yana da muhimmanci a yankuna irin su Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, inda zafin bazara kan haura maki 40 a ma'aunin Selshiyas.

Haka kuma tsatsa da laima sukan ci kunamar bam, ta yadda ɗagawa ko bugu kaɗan zai iya tayar da shi.

Masifar Ikeja

A ranar Lahadi, 27 ga watan Janairun 2002, wuta ta kama rumbun makamai na barikin soja da ke Ikeja a Legas. Bama-bamai sun yi ta tashi suna faɗawa unguwannin da ke kewaye.

Mutane fiye da 1,000 ne suka rasu. Akasarinsu ba bam ne ya kashe su ba. Sun nitse ne a magudanar ruwa ta Oke-Afa yayin da suke gudu cikin duhu, kuma da yawa daga cikinsu yara ne.

An sake ganin irin wannan a Maputo a 2007, da Brazzaville a 2012, da birnin Bata na ƙasar Equatorial Guinea a 2021, da kuma Njamena a watan Yunin 2024. A duk waɗannan wurare, rumbunan suna cikin gari ne ko daf da gidajen jama'a.

Rumbunan Libiya

Fuska ta biyu ta bayyana ne a 2011, lokacin da gwamnatin Kanar Mu'ammar Gaddafi ta faɗi. An bar rumbuna masu yawa babu mai gadi, jama'a da ƙungiyoyin mayaƙa suka shiga suka kwashi abin da suka iya.

Wasu daga cikin makaman sun ratsa Sahara, sun taimaka wajen ruruta tawayen arewacin Mali a 2012.

Wani rahoto da ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar a 2020 ya bi sawun makaman da aka kama a jihohin Zamfara da Katsina da Kaduna. Ya gano cewa wasu sun fito ne daga rumbunan Libiya, wasu daga Kwaddibuwa, wasu kuma daga hannun jami'an tsaron Najeriya kansu.

Ƙaramar hukumar Zurmi dai tana iyaka da jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, kuma iyakar tana da hanyoyin daji masu wuyar tsarewa.

Abin da ake bari a fagen daga

Ba a rumbu kaɗai ake barin kayan yaƙi ba. A ƙarshen watan Agustan 2024, motoci biyu masu sulke na rundunar Hadarin Daji suka kafe a cikin taɓo a Kwashabawa da ke Zurmi.

Hedkwatar tsaro ta ce sojoji sun lalata motocin kafin su janye, bayan da aka kasa ciro su. Daga baya an ga Bello Turji da yaransa a faifan bidiyo suna murna a kansu.

Irin waɗannan wurare, da sansanonin da aka tashi daga cikinsu, da inda jiragen yaƙi suka yi ruwan wuta, kan bar harsasai da bama-baman da ba su fashe ba. Waɗanda suka fi shiga hatsari su ne yara, da manoma, da makiyaya, da 'yan gwangwan masu neman ƙarfen sayarwa.

Hatsarin kuma yana daɗewa. An gama yaƙin basasar Najeriya a 1970, amma a 2017 gwamnatin tarayya ta amince a gaban kotun ECOWAS za ta biya naira biliyan 88 domin diyya da kuma kwashe ragowar bama-baman yaƙin.

Shawarar masana

Ƙwararru kan kwance bam suna ba da shawara iri ɗaya a ko'ina: kada a taɓa, kada a ɗauka, kada a jefa shi a wuta ko a rijiya.

Wanda ya ga wani ƙarfe da bai gane ba ya koma ta hanyar da ya biyo, ya gargaɗi jama'a, sannan ya sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro mafi kusa. Tsufa ko tsatsa ba sa kashe bam, sai dai ma su ƙara masa saurin tashi.