Ƙasa da Kabari: Tushen Gidan Bhutto na Sindh

Galibin masu tarihi sukan soma labarin gidan Bhutto daga Zulfikar Ali, alhali kuwa duk wanda ya nemi sanin sirrin daɗewar wannan zuriya a siyasar Pakistan, wajibi ne ya koma Larkana, inda kakanninsu, waɗanda riwaya ta ce Rajput ne da suka musulunta, suka mallaki gonaki masu faɗi a kwarin kogin Indus. Da Turawan Ingila suka ci Sindh da yaƙi a 1843, sai suka jingina mulkinsu ga manyan masu ƙasa da ake kira wadera, waɗanda manomin da ke noma musu a raba amfani, wato hari, bashinsa da shari'arsa, daga baya har ƙuri'arsa, duk suna hannunsu. A wannan inuwa Shah Nawaz Bhutto ya ɗaukaka, ya sami lambar girma daga Ingila, ya yi wazirin Junagadh a 1947. Amma kuma ya sha kaye a zaɓen 1937 a Larkana kanta, hujja ke nan cewa gona kaɗai ba ta wadatar ba.

Ɗansa Zulfikar ya fahimci haka, domin da ya kafa jam'iyyar PPP a 1967, ya yi wa talakawa alkawarin abinci da sutura da muhalli, kodayake dokar da ya yi a 1972 bayan ya hau mulki, wadda ta ƙayyade gonar ban ruwa ga eka 150, masu ƙasa sun kauce mata ta hanyar rarraba gonaki da sunan dangi.

A ganina, abin da ya tabbatar da gidan shi ne mutuwa. Janar Ziya'ul Haƙ ya rataye Zulfikar a 4 ga Afrilu 1979, aka kashe Murtaza ɗansa a Karachi a 1996, aka kashe Benazir 'yarsa a Rawalpindi a 2007. Kuma a ƙasar da ta saba da ziyarar waliyyai irin Lal Shahbaz Kalandar na Sehwan, makabartarsu ta Garhi Khuda Bakhsh ta zama hubbare mai ƙubbobi, inda masu ziyara ke lulluɓe kabari da mayafi, su watsa furanni, suna kiran mamatan shahidai. Kwana uku bayan rasuwar Benazir, aka naɗa ɗanta Bilawal, ɗan Asif Zardari, shugaban jam'iyya yana da shekara 19, aka kuma ƙara masa sunan Bhutto.