Fitilun allon gaban direba: abin da kowace fitila ke nufi a mota kat-kat

Ko kai direba ne ko mai mota, ka san cewa kat-kat irin su Land Cruiser da Hilux su ne ke kai ma'aikata da magani da masu jinya ƙauyukan da babu kwalta. Idan mota ta mutu tsakanin Dakoro da Maraɗi, ko a hanyar Tanut, makanike yana da nisa. Sau da yawa kuwa mota takan yi gargaɗi kafin ta mutu, ta hanyar ƙananan fitilun da ke allon gaban direba, wanda direbobi ke kira tablo.

Gwajin farko

Idan ka murɗa makulli ba ka tada inji ba, fitilun gargaɗi za su kama tare. Wannan gwaji ne, ba matsala ba. Da inji ya tashi, sai su mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wadda ta ƙi mutuwa tana da magana. Wadda kuma ba ta kama ba sam, mai yiwuwa ƙwanta ya ƙone ko an cire shi. Ka lura da wannan sosai idan za ka sayi motar hannu, domin akwai masu kashe fitila don ɓoye aibi.

Launi uku, hukunci uku

Ja: ka tsaya da zarar ka sami wurin da babu haɗari.
Rawaya: kana iya ci gaba a hankali, amma ka kai mota gareji ba da jinkiri ba.
Kore ko shuɗi: sanarwa ce kawai, kamar sigina ko dogon haske.

Jajayen fitilu

Fitilar baƙin mai tana kama da butar shayi mai ɗigo a baki. Tana nufin mai ba ya zagaya inji da ƙarfin da ya kamata. Ka kashe inji nan take, domin ƙarfe na gogar ƙarfe, kuma mintoci kaɗan sun isa inji ya ƙone. Ka jira kamar minti biyar, ka zaro sandar awon mai ka duba. Idan mai ya yi ƙasa, ka ƙara. Idan mai na nan daidai amma fitila ba ta mutu ba, kada ka sake tada mota. A jawo ta.

Fitilar zafi tana kama da ma'aunin zafi a kan ruwa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tafiya cikin rairayi da kaya mai nauyi na saurin tafasa inji. Ka tsaya, ka kashe na'urar sanyi, ka bar inji ya huce aƙalla minti 30. Kada ka buɗe murfin lagireto yana da zafi: ruwan na cikin matsi, zai feso ya ƙona fuska da hannu.

Fitilar batir akwati ce mai alamar + da −. Yawanci laifin ba na batir ba ne, altanato ne ya daina cajinsa. Lafiyayyen altanato yana ba da wajen volt 14 in inji na aiki. Ka buɗe gaban mota ka duba fambel. A injina da yawa fambel ɗin ne kuma ke juya famfon ruwa, saboda haka idan ya tsinke, zafi zai biyo baya. Idan yana nan lafiya, ka kashe rediyo da na'urar sanyi, ka nufi gari mafi kusa ba tare da kashe inji a hanya ba.

Fitilar birki alamar motsin rai ce (!) cikin da'ira. Ka fara duba birkin hannu. Idan a sauke yake amma fitila na kunne, man birki ya yi ƙasa, ko don yoyo ko don takalman birki sun cinye. Idan ka taka birki ka ji ya yi laushi ko ya nutse, tafiya ta ƙare a nan.

Fitilu masu launin rawaya

Hoton inji yana nuna kwamfutar mota ta ga wata tangarɗa. A gareji akwai na'urar da ake haɗawa da mota ta karanta lambar matsalar. Idan fitilar na walƙiya, ko inji na rawa, ka rage gudu ƙwarai ka nemi makanike.

ABS tana nufin na'urar da ke hana tayoyi kullewa ta daina aiki. Birki na nan, sai dai mota na iya sulɓewa in ka taka da ƙarfi. Idan ta kama tare da jar fitilar birki, ka tsaya.

Hoton taya mai alamar (!) yana nuna iska ta ragu. Idan kai ka rage ta da gangan don rairayi, ka mayar da ita kafin ka hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska na yin zafi ta fashe.

Na motocin gazuwal

Alamar zare mai naɗe biyu ta ɗumama inji ce. Da sanyin asuba, lokacin hunturu, ka jira ta mutu kafin ka tada mota.

Alamar matatar mai da ɗigon ruwa na nufin ruwa ya taru a ƙasan matatar. Gazuwal na jarka da na duro yakan zo da ruwa da ƙura. Ka kwance ƙaramin famfon da ke ƙasan matatar, ruwan ya zube har gazuwal tsantsa ya fito, sannan ka ɗaure. In ka bari, ruwan zai lalata famfon mai, gyara mai tsada.

A wasu motocin Toyota akwai rubutun T-BELT. Yana kamawa a kilomita dubu 100 ko dubu 150, gwargwadon irin inji, don tunatar da kai a canja bel ɗin da ke daidaita aikin inji. Idan ya tsinke mota na tafiya, ɓarnar na da yawa.

Alamar ƙafa huɗu

Hoton tayoyi huɗu a haɗe yana nuna duk tayoyin na ja. A motocin da direba ke sa ƙafa huɗu da hannunsa, ka cire ta in ka hau kwalta, in ba haka ba tayoyi da ƙarafan ƙasa za su wahala.

Kafin ka kama hanya

Kowace safiya ka duba baƙin mai da ruwa da man birki da iskar taya. Ka riƙe lita biyu na baƙin mai, jarkar ruwa da fambel na ajiya. Alamu kan ɗan bambanta daga mota zuwa mota, don haka ka ajiye littafin motarka kusa. In da Faransanci ko Ingilishi aka rubuta shi, ka nemi wanda zai karanta maka, ka rubuta ma'anar kowace fitila da Hausa a takarda, ka manna ta kusa da sitiyari.